Garin Takwarata a Cikin Gajimare

Kakana da ƙafa ya zo Madina. Haka aka faɗa mana tun muna ƙanana: ya baro ƙasar Katsina yana saurayi, ya yi noma a hanya, ya yi dako, ya yi aure a Sudan, bai ga koriyar ƙubba ba sai da furfura ta fara tsiro masa. Kamar shi ya cinye wa zuri'arsa tafiya gaba ɗaya, don ni dai har na haura sittin ban wuce Makka da Jidda ba, sai Ɗa'ifa sau biyu lokacin zafi. A Ƙuba aka haife ni, a nan na yi aure, a nan maigidana ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu.

Babbansu namiji ne. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma a takarda zan fara ba. Aikin haƙa rijiyoyin burtsatse ya karanta, kamfaninsu ya tura shi Kudancin Amurka, can cikin manyan duwatsun da ake kira Andis. Shekara biyu aka ce zai yi. A ta uku ya dawo da wata yarinya ma'aikaciyar jinya, gajera, mai baƙin gashi da yawan murmushi, wadda ta musulunta tun kafin su haɗu. Aka ɗaura musu aure a nan Madina. Mahaifinta ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarta kuwa ba ta iya zuwa ba. Suka yi wata guda a gidana suka koma.

Da cikinta ya tsufa sai ya kira ni ya ce ta tafi garinsu, wurin mahaifiyarta za ta haihu. Na ce ashe su ma suna goyon ciki. Bayan 'yan makonni ta sauka lafiya, mace, aka sa mata sunana. Ranar kunya ta hana ni nuna murna a waya. Da na ajiye wayar na shiga kicin na tsaya ina kallon tukunya, ban san abin da na shigo ɗauka ba.

Yayata da ke unguwar Khalidiyya ita ta fara jin cewa zan tafi. Ta ajiye kofin shayinta ta dube ni.

"Ke da matakalar lantarki ta Harami take sa ki jiri, ke ce za ki hau dutse a bayan duniya?"

Na ce, "Yaya, wa zai yi wa yarinyar kunun kanwa?"

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin kanwa da aka kawo mata daga Kano, da yajin jego a cikin kwalba. Na haɗa da dabinon ajwa, da turaren wuta, da zannuwa biyu. Yaron ya zo da kansa ya ɗauke ni a watan Sha'aban.

Jirgi uku muka hau. Tun a na biyu lissafin sallah ya kwance mini, rana ta ƙi faɗuwa, sai bin mu take. Na riƙa tambayarsa ko la'asar ta yi, yana duba agogo yana duba taga, yana amsa mini da Larabci kamar yadda ya saba. Ni in yi masa Hausa, shi ya mayar da Larabci, haka muke tun yana makarantar firamare. Da muka sauka a babban birninsu muka kwana ɗaya, da safe muka shiga bas zuwa garin su yarinyar.

A cikin bas ɗin nan na fara jin kamar ba a farke nake ba. Ina jan numfashi amma ba ya isa ƙirjina, kamar mai shan kunu da cokali mai huda. Yaron ya ce tsayin wurin ne, iskar can ba ta da kauri, kowane baƙo sai ya ji haka. "Shwayya shwayya, ya Ummi," in ji shi, "kada ki yi saurin komai." Na jingina kaina da gilashi. Ni da na tashi ina ganin Uhudu shi ne dutse, sai ga duwatsun da za a ɗora Uhudu goma a kan juna ba su kai kafaɗarsu ba, kawunansu fari fat da ƙanƙara. Ƙasa da su kuwa kore ne shar, don damina ce a wurinsu. An sassare jikin dutsen hawa-hawa an yi gonaki, kowace gona da furanni farare da shuɗaye. Na tambayi yaron furen mene ne, ya ce dankalin Turawa. Ya ƙara da cewa ba na Turawa ba ne ma, daga nan suka ɗauke shi. Na daɗe ina juya maganar a raina, ina tuna yawan buhunan da na fere a rayuwata ban san daga inda ya fito ba.

Wani wuri na leƙa ƙasa na ga gajimare a ƙarƙashinmu, yana tafiya a hankali cikin kwari kamar garken tumaki. Wasu dabbobi masu dogon wuya suna kiwo a bakin hanya, kamar raƙuma ƙanana marasa tozo, an ɗaura musu jan zare a kunnuwa. Ɗaya ta ɗago ta kalle ni, ta bi bas ɗin da ido har muka sha kwana. Na yi barci na farka, na sake yin barci. Duk sanda na buɗe ido sai in ga mace ɗaya tana tafiya ita kaɗai a gefen titi da ƙunshi a baya, har na fara zaton mace guda ce muke ta wucewa.

Kiɗa ne ya tashe ni. Da farko daga nesa, kamar ana daka a wata unguwa, sannan ya matso. Bas ya tsaya a bakin gari, direba ya yi magana, mutane suka fara sauke kaya. Yaron ya dafe goshi. Ya ce ya manta shaf, makon bikinsu ne na shekara, wanda suke kira karnabal, an rufe tituna, sai dai mu ƙarasa da ƙafa. Ya kira matarsa a waya, ta ce mahaifiyarta za ta sauko ta tarye mu a dandalin tsakiyar gari.

Ya ɗauki akwatuna biyu, na riƙe jakata, muka shiga wani lungu mai daɓen duwatsu da ke hawa sama. Taku goma sai in tsaya. Gidajen farare ne da jan rufi, an rataya zaren takardu masu launi daga wannan taga zuwa waccan. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, ƙasa tana ƙamshi, ana soya wani abu a wani wuri. Muna fitowa daga lungun muka faɗa cikinsu.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Masu busa sun fi ɗari, da ƙahonin tagulla manya-manya da suka naɗe jikinsu, da ganguna, duk sun cika titi, sautin yana shiga ta tafin ƙafata. A gabansu mata ne cikin buje masu faɗi, ja da ruwan ɗorawa da kore, suna juyawa gaba ɗaya lokaci guda, bujen suna buɗewa suna rufewa. Kowace da kitso biyu dogaye har gadon baya, da wata 'yar hula mai zagaye a tsakar ka, wadda ban ga abin da ya riƙe ta ba. A bayansu sai ga dodanni. Fuskoki ne da aka ƙera, masu ƙahoni a murɗe da idanu kamar kofin shayi da haƙora a waje, rigunansu sun sha ado da duwatsu masu walƙiya. Na fara a'uziyya ban sani ba. Ɗaya daga cikinsu ya zo dab da ni yana tsalle, sai ya tsaya, ya ɗaga fuskar dodon sama. Wani dattijo ne mai tabarau, gumi ya jiƙa shi, yana haki kamar ni. Ya ɗan rusuna mini, ya mayar da fuskarsa ya bi 'yan'uwansa.

Ban gama mamakin wannan ba na ji sanyi a kafaɗa. Wasu 'yan mata ne da gwangwanaye a hannu suna fesa wa kowa farar kumfa, ba sa tambayar waye. Kafin yaron ya ajiye akwati ya tare, abayata baƙa ta zama fara tun daga wuya har gwiwa. Ya ɗaga murya zai yi musu faɗa, na riƙe hannun rigarsa. Na ce ya bar su, ai mu muka shigo musu gari. Gaskiyar magana ma ban ji haushi ba. Kaina ya yi sakayau, ƙafafuna kamar ba nawa ba, komai ina ganinsa kamar ta bayan labule mai shara-shara. Na ga bakin yaron yana motsi ban ji abin da yake cewa ba. Na nemi wuri na zauna a kan matakalar wani shago, na rufe ido.

A cikin rufe idon nan kiɗan ya canza mini. Sai na ji kamar ina 'yar shekara bakwai a gonakin dabino na Ƙuba, kafin a sare su a yi gidaje, ranar bikin wata ƙanwar babata. Mata sun yi da'ira a tsakar gida suna kiɗan ƙwarya a cikin ruwa, kakata tana tsakiya da goro a kumatu tana juyi, ni ina leƙe ta tsakanin zannuwansu. Har ƙamshin humrarta na ji. Na san ba a can nake ba, amma ban yi ƙoƙarin dawowa ba.

Hannu ne mai kaushi ya dafa goshina. Na buɗe ido na ga wata mata tsugune a gabana, tsarata ce ko ta ɗan girme ni, fuskarta duk an shafa mata farin gari, wuyanta cike da zaren takardu, 'yar hularta a karkace. Idanun surukata ne sak a fuskarta. Yaron ya ce, "Ummi, ga mahaifiyarta." Na yunƙura zan tashi in gaishe ta yadda ya kamata, ta danne kafaɗata ta girgiza kai. Ta kwance ƙunshin bayanta ta fito da fulas, ta zuba mini wani ruwan zafi mai ganye a ciki.

Na dubi yaron na ce, "Wannan fa? Ya halatta?"

Ya ce shayinsu ne, kowa shi yake sha don ciwon tsayi, har a asibiti ana ba baƙi. "Amma ko ganye ɗaya kada ki sa a jaka in za mu koma," in ji shi.

Na yi bisimilla na kurɓa. Ɗaci-ɗaci ne, kamar ɗanyen ganyen zogale. Matar ta ciro irin ganyen daga wata 'yar jaka ta cusa a kumatunta tana kallona, na gane shi ne goronsu. Ta sa gefen mayafinta ta goge mini kumfar da ke haɓata. Sannan ta cire zaren takarda ɗaya daga wuyanta ta rataya mini, ta ɗebo wasu 'yan mitsi-mitsin takardu masu launi ta barbaɗa mini a ka, tana wata magana a hankali. Yaron ya ce fatan alheri take yi mini, haka suke wa baƙo. Na ce ya gaya mata na gode, Allah ya saka da alheri. Ya faɗa mata da yarensu, ta gyaɗa kai kamar ta riga ta ji.

Ita ta kai ni gida. Ta saƙala hannunta a nawa, muna hawa tana ƙirga mini taku da yarenta, in mun yi kaɗan ta tsaya ta yi kamar ita ce ta gaji. Ƙanƙara ta fara zubowa ƙanana kamar gero, masu rawa ba su fasa ba, mu ma ba mu fake ba. Gidan yana can ƙarshen gari, ƙofa shuɗiya, tsakar gida da tukwanen furanni da zangarniyar masara a rataye. Surukata ta fito da gudu ta rungume ni tana kuka, tana cewa "Ummi, Ummi," da ɗan Larabcin da ta iya. Na ce mata maijego ba ta gudu. Ba ta gane ba, ta ci gaba da kuka tana dariya.

Aka miƙo mini takwarata. An naɗe ta tam da wata ɗamara mai zane-zane tun daga kafaɗa har ƙafa, ta miƙe sambal kamar muciya, fuska kaɗai ake gani. Kumatunta jajaye, gashinta baƙi sitik irin na uwarta, amma hancin na maigidana ne, ban yi shakka ba. Na zauna a bakin gado na buɗe jakata, na ciro ajwa guda na tauna kaɗan na shafa mata a dasashi. Ta yamutsa fuska, ta tsotsa, ta buɗe ido ɗaya. Na yi mata addu'ar da aka yi mini, wadda aka yi wa uwata. A waje ana ta busa, tagar tana rawa.

Uwar maijego ta share mini ɗaki guda, ta cire hotuna da gumakan addininta daga bango ta mayar da su nata ɗakin, ba wanda ya ce ta yi. Yaron ya duba waya ya nuna mini alƙibla, ta fuskanci wani dutse mai farin kai. Na tsaya na yi niyya, ina tunanin irin tekuna da ƙasashen da ke tsakanin goshina da Ka'aba. Duk sujada sai na huta kafin in ɗago.

Kwana uku aka yi ana bikin bayan zuwana. Ban sake sauka dandali ba, daga tsakar gida nake jinsa, wani lokaci kusa, wani lokaci iska ta ɗauke shi ta kai bayan dutse. Wata safiya na fito na tarar uwar maijego ta zagaye gidan da furanni, tana yayyafa wani abin sha a kusurwoyi tana magana da ƙasa. Ta miƙo mini kofin. Na dafa ƙirji na girgiza kai. Ta dube ni kaɗan, ta gyaɗa kai, ta ci gaba da abinta, ni kuma na koma kicin na dama kunun kanwa. Da ta gama ta shigo ta ɗanɗana, ta ɓata fuska, ta ƙara sha, ta tafi da kofin.

Saɓaninmu ɗaya a kan wankan jaririya ne. Ni ina so a kwance ta a yi mata wanka da ruwa mai ɗumi safe da yamma, a mimmiƙe mata gaɓoɓi. Ita kuwa gani take sanyi zai kama ta, a goge ta kawai a mayar cikin ɗamara. Muka tsaya a kan baho, ina Hausa tana yarenta, kowa na nuna jaririya da hannu. Yaron ya zo zai fassara, muka kore shi tare. A ƙarshe aka riƙa wankan da hantsi in rana ta shigo tsakar gida, ni in wanke, ita ta naɗe.

Ranar da garin ya yi shiru ta ce mu je gonarta. Na ɗauko zanena zan goya takwarata, rabona da goyo tun autata, don 'ya'yana mata duk a keken turawa suke sa nasu. Na sunkuya na ɗora ta a baya, na ja zane na ɗaure a ƙirji. Uwar maijego ta tsaya tana kallo, baki buɗe. Ta zagaya bayana ta taɓa, ta ja ɗaurin ta ga ba ya motsi. Sai ta kwance nata mayafin mai ratsi-ratsi ta nuna mini yadda suke yi, su a kafaɗa suke ratayowa su ƙulla a ƙarƙashin wuya. Muka gwada nata, muka gwada nawa, jaririya tana ta barci ba ruwanta. Da nawa muka tafi, ta yafa mini nata a sama saboda iska.

Gonar tana saman gari. Tituna duk sun jiƙe, takardu masu launi sun manne a tsakanin duwatsun daɓe, wani mutum yana shanya rigar dodonsa a kan igiya, fuskar tana ajiye a kan kujera tana kallon sama. Muka hau a hankali. A gona ta tona gindi ɗaya da hannu ta fito da dankali, wani ja, wani baƙi, wani kamar an ɗiga masa shuni. Ta riƙa ɗaga kowanne tana faɗin sunansa, ina maimaitawa tana dariya. Ni ma na nuna mata rana da gajimare da jaririya na faɗa mata da Hausa. "Jika" kaɗai ta iya riƙewa. Muka zauna a kan kunya, gajimare ya taso daga kwari ya rufe garin, ya rufe ƙafafunmu, har na daina ganin komai sai hularta. Ina jin numfashin yarinyar a tsakanin kafaɗuna, ɗumi-ɗumi. Ban san tsawon zaman da muka yi ba.

Sai da maijego ta yi arba'in na dawo, azumi ya riga ya kama. Da motarmu ta biyo ta miƙatin Bi'ir Ali na ga bas-bas na masu umara a jere, maza cikin harami suna gyara mayafi, na ja numfashi ya tafi har ƙasan cikina. Iskar Madina ta yi mini nauyi kamar bargo. Kwana biyu ina barci tsakanin sallah da sallah.

Yayata ta zo shan ruwa a rana ta uku da miyar kuka a kula. Ta sa na ba ta labari tun daga farko, tana katse ni da tambayoyi. Da na gama ta dube ni tana juya cokali a kofi.

"To, can ɗin akwai Hausawa?"

Na ce, "Akwai guda ɗaya, Yaya. Ba ta fara magana ba tukuna."

Ta ce in Allah ya kai mu lokacin yaye da ita za a je, in dai akwai wanda zai riƙe mata hannu a hawan. Aka kira isha'i a masallacin Ƙuba, muka tashi neman takalma.